Wa Ya Tsaya Maka?

Saƙon ya shigo ne wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, a makon farko na watan Janairun 2023. Ina zaune a ɗan ɗakin da nake aiki, na ƙudundune cikin rigar sanyi, hazo ya rufe Kano har mutum yana jin ƙura a maƙoshinsa. Kamfanin da nake hayar saba a wurinsa ne ya aiko da imel. Sun gwada cirar kuɗinsu na wata daga katina sau uku, abin ya ƙi. Dala 34 ce. In ban biya cikin 'yan kwanaki ba, za su kashe.

Saba, ga wanda ba ɗan hannu ba, wata kwamfuta ce da ke zaune a wani gini a Jamus ko Amurka, ba ta barci, ba a ɗauke mata wuta, kai kuma kana biyan hayar ɗan lungu a cikinta duk wata. A lungun nawa akwai shafin wata makarantar kuɗi, inda iyayen ɗalibai kusan 800 ke duba sakamakon jarrabawar 'ya'yansu, akwai kuma manhajar lissafin kaya ta wani bawan Allah mai shagunan magani uku. In sabar nan ta mutu ba wanda zai kira Jamus. Ni za a kira, tun kafin in idar da sallar Asuba.

Abin haushin shi ne kuɗin suna nan. Na buɗe manhajar banki na ga naira ta ishe ni biyan wata shida. Sai dai nairar ba ta da ƙofar fita. Tun a 2022 bankuna da yawa suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, har na koma ina tara kuɗin saba da kati uku, nawa biyu, na maiɗakina ɗaya, kamar mai haɗa kuɗin cefane. Dala 99 da Apple ke karɓa duk shekara a wurin masu ɗora manhaja a kasuwarsu kuwa, wannan sai dai a nemi wani. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 sai aka rufe ƙofar gaba ɗaya, banki bayan banki. Akwai katunan dala na cikin waya da wasu sababbin kamfanoni ke bayarwa, na kuma gwada su, amma tun ranar da wani ya tsaya cak da kuɗina a ciki na daina ɗora musu abin da ba nawa ba.

A daren na kira wani abokina da muka yi karatun kimiyyar kwamfuta tare a Jami'ar Bayero, wanda ke ƙaro karatu a Malesiya. Can gari ya riga ya waye. Ya biya da katinsa cikin minti biyu, ni kuma na tura wa mahaifiyarsa nairar a Gwammaja. Ya ce haba, ba komai. Wata na biyu ma ba komai. A wata na huɗu da na kira, na ji yadda ya ja amsa sallamar, irin jan da mutum ke yi in ya san abin da ke tafe. Bai ce komai ba, mutumin kirki ne. Ni ne na ji kunya ta kama ni, ina magidanci mai shekara talatin da 'yan kai, ina bin wani duk ƙarshen wata ya ara min aljihunsa.

Matsalata biyu ce a lokacin, ni kuwa na ɗauke ta ɗaya. Ta farko ita ce ƙofar dala. Ta biyu ita ce tazarar lokaci: kamfanonin da nake biya suna karɓar nasu ranar ɗaya ga wata ba fashi, waɗanda nake yi wa aiki kuwa sai sun ga dama. Makaranta ba ta biya sai iyaye sun kawo kuɗin zango, iyaye kuma ba sa kawowa sai an fara korar yara. Wani Ba'amurke da nake yi wa ƙananan ayyuka yana biya kwana 30 bayan na tura takardar neman kuɗi. Shi ne ma ya jefa min tunanin. Muna hira wata rana na yi masa ƙorafi, sai ya yi mamaki. Ya ce shi ma daga gida yake aiki, shi kaɗai, amma yana da katin bashi na kasuwanci. Ya cike fom a intanet da sunansa da lambar shaidarsa ta gwamnati, ya rubuta abin da yake sa ran samu a shekara, kafin kofinsa ya huce an amince. Can kowa yana da maki tsakanin 300 da 850 da ke nuna yadda yake biyan bashi, banki ya duba makin ya yanke hukunci. Katin ya biya masa saba yau, shi kuma ya biya katin bayan makonni, lokacin da kuɗinsa sun shigo.

Na ce ai wannan ni aka yi wa. Kati ɗaya, matsala ta ƙare.

Kafin ka nemi katin kasuwanci sai ka zama ɗan kasuwa a takarda. Na yi shekara shida ina wannan aiki, amma a idon hukuma ni zauna-gari-banza ne mai kwamfuta. Na shiga shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, na nemi rajistar sunan kasuwanci. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, amma na zaɓi sunan kasuwanci don ya fi araha kuma bai da yawan ɗawainiya. Takardar ta fito, na sami lambar haraji, na haɗa da BVN da NIN da takardar kuɗin wuta da hotuna, na nufi banki in buɗe asusun kasuwanci. Suka ce sai na kawo mutum biyu masu irin wannan asusu su sa min hannu. Mai shagunan magani ya sa, wani kawuna ya sa, bayan ya tambaye ni sau uku ko dai bashi zan ci da sunansa.

Sai aka turo mai duba adireshi.

Ya zo da hantsi a kan babur ɗinsa, da wata 'yar jaka a rataye. Na shigar da shi ɗakin aikina, wanda ke bakin ƙofar gida kafin a shiga tsakar gida. A Kano irin wannan ɗaki, na samari ko na baƙi, shago ake ce masa. Ya zauna, ya sha ruwa, ya dube ni.

"To Malam, mu je ka nuna min shagon."

"Ai ga shi kana ciki."

Ya ɗan yi dariya. "A'a, wurin kasuwancin nake nufi."

"Shi ne nan."

Ya waiga ya dubi tebur, ya dubi kujera, ya dubi inbata da batura biyu a lungu, ya dubi takalmin 'yata guda ɗaya da ta yar a ƙarƙashin tebur. "Ina kayan?"

Na juya masa fuskar kwamfuta. Baƙin allo ne da layukan rubutu kore da fari. Ya ƙura masa ido kamar wanda aka nuna wa rubutun Sinanci, sannan ya ce shi dai fom ɗinsa yana da gurbin allon suna, kuma dole ya ɗauki hotonsa. Na buga sunan kasuwancin da manyan baƙaƙe a farar takarda, muka liƙa a ƙofa da salatif, ya ja da baya ya ɗauki hoto, ya ce yanzu ka yi magana. Takardar tana nan har yau, rana ta cinye rabin rubutun.

An buɗe asusun a watan Agustan 2023. Aka ce in bar shi ya ɗan yi motsi tukuna. A watan Maris na 2024, azumi ya kama, zafi ya sauko, na sa farar shadda da hula na koma bankin da fayil a hammata.

Ma'aikaciyar da aka haɗa ni da ita mace ce mai natsuwa, wadda ba ta gaggawar magana. Ta tambaya ko ina da albashi da ke shigowa ta wurinsu, domin yawancin katunan bashin da suke bayarwa a kan albashi suke jingine. Na ce ba ni da shi. Ta buɗe bayanan asusun tana gangarawa da linzami. Wata bakwai ne kawai, kuma a wasu watannin abin da ya shigo bai kai kuɗin man janareta ba.

"Yallaɓai, wannan ne duk cinikin?"

Na fara bayani. Tsofaffin abokan hulɗa har yanzu asusuna na kaina suke tura wa, sun saba. Dalar Ba'amurken nan in ta zo ina canza ta ne a Wapa, nairar ta shiga inda ta shiga. Mai shagunan magani wani lokaci tsabar kuɗi yake ba ni a leda, akwai ma watan da 'yata ta kwanta zazzaɓi, rabin kuɗin aikin da magani ya biya ni. Tana sauraro tana gyaɗa kai, na kuma san duk abin da nake faɗa gaskiya ne, na kuma san ba ɗaya a ciki da zai shiga fom ɗinta.

"Ka taɓa cin bashi a wani banki? Ko na waya?"

Na gyara zama. Wannan tambaya ce da nake da amsarta mai kyau. "Alhamdu lillahi, Hajiya, ban taɓa ba. Ko sisi ba wanda ke bi na."

Ta yi murmushi. "To ai shi ne."

Ta yi min bayani a hankali. Akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Nijeriya ya ba lasisin tattara tarihin bashin mutane, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, akwai kuma doka ta 2017 da ta tsara aikinsu. Duk wanda ya nemi rance sai an tambaye su. In ka ci ka biya a kan lokaci, suna da shi. In ka ci ka gudu, suna da shi. Ni da aka sa lambata, shafin ya fito fari fat.

Wannan ya ba ni haushi a wurin, amma a hanyar gida cikin adaidaita sahu na gane abu ne da na fi ta saninsa. A aikinmu akwai bambanci tsakanin sifili da gurbin da ba a cike ba. Sifili amsa ce: an ƙirga, ba a sami komai ba. Gurbin da ba a cike ba kuwa ba amsa ba ce, ba a ma san abin da ke wurin ba, kuma duk mai rubuta manhaja da ya ɗauki ɗayan a matsayin ɗayan zai kwana yana neman inda lissafinsa ya karkace. Ni na shiga banki ina taƙama da sifili, bashi sifili, makara sifili. Su kuwa fanko suka gani. Mutumin da ya ci bashi sau goma ya biya tara a kan kari ya fi ni fuska a wurinsu, don shi an san ko wane ne.

Ta ce in je in haɗa taƙaitaccen lissafin shiga da fita na shekara guda, ko zai taimaka in ta kai sama.

Dare uku na yi a kansa, daga dawowa tarawihi har kusan sahur. Ni da na rubuta wa wani manhajar da ke gaya masa ƙwayar Panadol nawa ta rage a shagonsa na uku, ban taɓa zama na lissafa nawa kasuwancin ba. In kuɗi sun shigo a yi cefane, a sayi data, a biya kuɗin makarantar yarinya, in sun ƙare a jira na gaba. A dare na biyu na iso kan makarantar nan. Mun yi yarjejeniya a 2021 a kan naira 240,000 a shekara, komai da komai. Kasonta na saba da ajiyar bayanai da tura saƙonni yana cin wajen dala 20 a wata, wato 240 a shekara. Lokacin dala tana wajen naira 500, don haka rabin kuɗin ya tafi waje, rabi ya zama ladan aikina. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Daren da nake lissafin nan dala tana wajen 1,500. Dala 240 ta zama naira 360,000. Na sake bugawa, na sake. Ashe ni nake cika naira 120,000 daga aljihuna duk shekara don a bar ni in yi wa makaranta aiki kyauta, har ina tashi tsakar dare in an ce shafi ya yi nauyi.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, daga wane aljihun? Domin lissafin ya nuna akwai watannin da abin da ya fita ya fi abin da ya shigo, kuma ban tuna mun kwana da yunwa ba.

Maiɗakina ta shigo da kunun sahur ta same ni na dafe kai. Tana koyarwa a wata firamare, tana kuma haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa, tana zubin adashe biyu. Na gaya mata abin da ya ɗaure min kai. Ba ta ce komai ba, ta fita, ta dawo da wani ƙaramin littafi mai bangon shuɗi irin na 'yan makaranta. Ta buɗe tsakiya ta ajiye a kan kwamfutar.

Kwanan wata ne a hagu, kuɗi a dama. Dubu ashirin, zuwa Juma'a. Dubu goma sha biyar, in makaranta ta biya. Dubu arba'in, kuɗin batir. Wasu an ja musu layi, da yawa ba a ja ba. A ƙasa ta tara da jan biro: 310,000.

"Abban yara," ta ce, "ce wa matar bankin ka yi ba ka taɓa cin bashi ba?"

Ban sha kunun nan da daɗi ba. Ni a raina duk wannan "ara min" ɗin ba bashi ba ne, kuɗin gida ne ke zagayawa a cikin gida. Ita kuwa kwasar adashenta ce, wadda ta yi niyyar sayen keken ɗinki da ita tun bara. Katin da nake nema a banki ashe na daɗe da shi, yana dafa min abinci, ba ruwa, ba tara, ba ma tuni.

Ranar Juma'a na je shan ruwa gidan Baba. Ya yi shekara arba'in a Kantin Kwari yana sayar da atamfa da shadda kafin gwiwa ta zaunar da shi. Na taso ina ganin fatake daga Maraɗi da Damagaram da Njamena suna ɗaukar diloli su tafi ba su ba da ko kwabo ba, sai sun sayar su dawo. Baƙo in ya zo karon farko, tambaya ɗaya ake yi masa: wa ya tsaya maka? In ya kawo wanda aka sani, a ba shi kaɗan. In ya dawo da kuɗi a kan lokaci, a ƙara. In ya ci amana, kafin ya kai tasha labari ya zaga layi, ba kuma mai sake ba shi ko ƙyalle. Abin da kamfanonin nan uku ke yi da kwamfuta, su Baba da ka da baki suke yin sa, kuma nasu ya fi sauri.

Bayan mun ci ƙosai na kawo maganar katin. Ya sa na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce banki ne zai biya min, ni kuma in biya shi cikin kwanakin da aka ɗiba, in na biya duka a cikinsu ba a ƙara komai.

"In ka wuce fa?"

"Sai a ɗora ruwa, Baba."

"Nawa?"

"Ta ce wajen kashi 3 cikin 100 a wata."

Ya yi shiru yana jan carbi. "Kuma da hannunka za ka sa a takarda cewa ka yarda da haka."

"Ai ba zan wuce ba."

"Su wa ke biyan ka?"

Na gaya masa.

"Suna biya a kan lokaci?"

Ban amsa ba. Bai kuma ƙara cewa komai a kai ba, ya koma tambayar lafiyar jikarsa.

Na riga na karanta abin da malamai suka ce kafin in je. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyadh a shekarar 2000, ta ce bai halatta a karɓi katin da aka shardanta ruwa a cikinsa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Akwai malaman da suka sassauta ga wanda ya matsu kuma ya tabbata ba zai makara ba, ni kuma a inuwarsu na fake. Hausa ma tana taimaka wa mai son ruɗin kansa: kalmar da Larabci ke kiran haramtaccen ƙari da ita, riba, ita ce mu muke kiran halastaccen abin da ɗan kasuwa ke samu, sai muka bar wa wancan sunan ruwa, abu mai sanyi da ba ya tsorata kowa. Amma tambayar Baba ba ta fiƙihu ba ce, ta ɗan kasuwa ce. Dalilin da ya sa nake neman katin shi ne masu biyana suna makara. Wanda kuɗinsa ke makara kuwa shi ne ainihin wanda zai wuce wa'adi. Sassaucin da na fake da shi an yi shi ne don wani mutum daban, mai albashin ranar 25 ga wata.

Na duba ɓangaren bankunan da ba sa harka da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya. Tsarin murabaha, inda banki zai sayi abu ya sayar maka da ƙarin da kuka yi yarjejeniya ka biya a hankali, ya dace da mai son sabuwar kwamfuta ko batura. Ni kuwa abin da ke gabana haya ce ta wata-wata a wata ƙasa, ba kayan da za a ɗauko a miƙa min ba.

Duk da haka na koma bankin da lissafina, wataƙila don taurin kai. Bayan mako biyu ta kira ni. Sama ba su amince da kati haka kawai ba. Amma akwai hanya: in ajiye kuɗi a wurinsu su riƙe, su ba ni kati da iyakarsa ba ta kai abin da na ajiye ba. Ta ƙara da cewa zan sa hannu a matsayin mai lamuni da kaina. Na ce ai katin na kasuwanci ne. Ta ce sunan kasuwanci a doka ba wani mutum ne daban ba, ni ne dai na sa wata riga, in kasuwancin ya gaza ni za a bi har gida. Ashe tambayar Kantin Kwari ce a nan ma, sai dai amsar da suke so ita ce ni in tsaya wa kaina, da kuɗina.

Sai na yi tambayar da ya kamata in yi tun watan Agusta.

"Hajiya, katin zai biya min saba a waje?"

Ta ɗago kai. "Na naira ne fa, Yallaɓai. Na naira ba ya fita yanzu, ko na bashi ne ko na cirar kuɗi. In na dala kake so, dala za ka ajiye."

Wato in kawo dalata su riƙe, su ranta min wani ɓangare nata, in na makara su ɗora ruwa. Na yi dariya har mai gadi ya leƙo. Ita ma ta yi.

Ban ga laifinta ba, ban ma ga na bankin sosai ba. A watan nan Babban Banki ya ɗaga ma'aunin ruwansa zuwa kashi 24.75, hauhawar farashi ta haura kashi 30, naira tana rawa kullum. Da ni aka ba aikin rubuta manhajar da za ta tace masu neman kati, aka kawo mata mutum mai asusun wata bakwai, ba albashi, ba tarihi, kadararsa kwamfuta ɗaya da batura biyu da takarda a liƙe a ƙofa, da layin da zai ƙi shi na fara rubutawa. Abin da ya rage min a rai kawai shi ne, mu masu irin wannan aiki muna da yawa yanzu a Kano da Kaduna da Jos, masu zane da masu rubutu da masu manhaja, muna shigo da dala daga ɗakunan ƙofar gida, fom ɗin kuwa har yau allon suna yake nema.

Na karɓi fom ɗin na ninke na sa a fayil. Kafin in fita na buɗe asusun dala na yau da kullum, mai katin cirar kuɗi, abin da ba ya buƙatar amincewar kowa a sama. Dalar Ba'amurke ta koma shiga can kai tsaye, saba tana ɗauka daga can. Na daina sayar da dala a Wapa ranar Litinin in koma neman ta da tsada ranar Alhamis. Na kira abokina na Malesiya ranar ɗaya ga wata, da gangan, muka yi hirar ƙwallo na ajiye waya.

Ɗaya matsalar ta fi wuya, don ita sai an kalli mutane ido da ido. Na rubuta wa kowa cewa daga yanzu asusun kasuwanci kawai za a tura wa, rabin kuɗin aiki kafin in fara, kuɗin saba kuma daban, a biya shi tun farkon zango bisa farashin dala na ranar. Mai shagunan magani ya karanta a tsaye ya ce ai da ma ya yi mamakin yadda ban ƙara ba, shi da kullum yake canza farashi. Bayan Sallah na je wurin mai makaranta. Ya karɓe ni da fara'a, aka kawo lemo. Na ajiye masa lissafin a gabansa, layi-layi.

"Injiniya, kai ma ka san halin da ake ciki. Iyaye ba sa biya."

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma shekara guda ke nan ni nake cikawa."

Ya ce akwai wani yaro da ya gama hidimar ƙasa, ya ce zai yi a rabin tsohon farashin ma. Na ce Allah ya sa alheri. Ya ce zai yi tunani. A ƙarshen zangon yaron ya kira ni, cikin ladabi, yana neman bayanan ɗalibai. Na haɗa masa komai tsaf, na kwana biyu ina nuna masa inda abubuwa suke. Da zai tafi na tambaye shi ko ya lissafa kuɗin saba da dala. Ya ce eh, ya duba, ba yawa. Na ce to.

Makarantar ita ce aikina na farko babba, da sunanta nake buɗe baki in ina neman wani. Na yi kewarta fiye da yadda lissafi ya ce in yi.

Littafi mai bangon shuɗi ya ɗauke ni wata tara. Duk abin da na biya sai ta ɗauko jan biro ta ja layi a gabana, ba ta taɓa yafe ko naira ɗari ba, ban kuma nema ba. Keken ɗinkin yana tsakar gida yanzu, ƙararsa tana shigowa shago in ina taro da Ba'amurke, har ya taɓa tambaya ko jirgin ƙasa ne ke wucewa.

A tsakiyar 2025 wasu bankuna suka sake buɗe wa katin naira ƙofar waje. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara, lambar ma'aikaciyar nan ce. Muka gaisa, ta tambayi iyali. Ta ce ta duba asusun, yanzu ya yi kyau, kusan shekara biyu yana tafiya ba yankewa, in ina so in shigo mu sake maganar katin nan, wataƙila wannan karon ba sai na ajiye komai ba. Na yi godiya na ce zan leƙo.

Maiɗakina tana bakin ƙofa da tsintsiya, ta ji komai.

"Za ka je?"

"Ban sani ba tukuna."

"To in ka je suka ce ba su da tarihinka, ka ba su lambata."